Yadda ake haɗa DAC na waje da kayan sautin gida

Duk sautin da ke cikin wayar hannu, ko kwamfuta, ko faifan CD, ko talabijin na zamani, a matsayin lambobi aka adana shi. Ita kuwa lasifika ba ruwanta da lamba, abin da ke motsa ta shi ne wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda ke tura fatarta gaba da baya har iska ta girgiza kunne ya ji. Na'urar da ke karɓar lambobin ta mayar da su irin wannan wutar ita ake kira DAC, kuma babu wata na'urar dijital mai fitar da sauti da ba ta da shi a cikinta, tun daga ƙaramar waya har zuwa babban talabijin na falo. Saboda haka wanda ya sayi DAC na waje bai ƙara wa kayansa wani sabon aiki ba, ya dai karɓe aikin ne daga hannun na cikin talabijin ko kwamfuta, ya miƙa shi ga wani akwati da aka ƙera domin wannan aikin kaɗai. Duk matakan da ke tafe abu ɗaya suke nema: lambobi su isa akwatin nan ba tare da an taɓa su ba, a juya su sau ɗaya tak, sannan wutar da ta fito ta shiga amfilifaya ta ƙofar da ta dace.

Mataki na farko: tabbatar da cewa DAC ne ake buƙata

Akwai gidajen da DAC na waje ke kawo canji wanda kowa zai ji. Na farko shi ne inda kwamfuta ce tushen sauti, kuma kafarta ta lasifikar kunne tana fitar da wata siririyar ƙara kamar kukan sauro, wadda kan sauya idan an motsa mawus ko an buɗe babbar manhaja. Dalilin haka shi ne DAC na cikin kwamfuta yana zaune ne a tsakiyar sassa masu hayaniyar lantarki, kuma wuta ɗaya suke sha. Na biyu shi ne inda aka sayi sabon talabijin aka tarar ba shi da kafofin nan ja da fari, sai kafar haske mai rubutun OPTICAL da ta HDMI, alhali amfilifayar gidan tsohuwa ce mai kyau wadda ba ta karɓar dijital ko kaɗan. A nan DAC ya zama dole, domin babu wata hanyar da su biyun za su gaisa. Na uku shi ne mai na'urori da yawa, wato kwamfuta da talabijin da abin kunna CD, yana son duka su bi ta ƙofa ɗaya.

Akwai kuma inda kuɗin zai tafi a banza. Idan waƙoƙin da ake saurare irin waɗanda ake turawa ne a memori, ko aka yi ta miƙa su daga waya zuwa waya, galibi fayilolin MP3 ne da aka matse zuwa kilobit 128 a daƙiƙa, alhali sautin CD kilobit 1,411 ne. An zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya na bayanan tun kafin fayil ɗin ya iso gare ka, kuma babu DAC ɗin da zai dawo da abin da aka zubar. Haka nan idan fatar lasifika ta yage, ko falon duk tayil ne da bango tsirara har murya tana amsa kuwwa idan an yi magana, to darduma da labule sun fi sabon akwati amfani. A ganina lasifika da ɗaki su ne ke da kaso mafi tsoka a abin da kunne ke ji, DAC yana zuwa ne daga baya.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Ka jona kwamfutar da amfilifaya kamar yadda ka saba, ka dakatar da waƙa, ka ɗaga ƙara zuwa inda kake saurare, sannan ka kusanto da kunnenka jikin lasifika. In ka ji shiru ko wani ɗan huci da sai an kasa kunne, na cikin kwamfutar ba shi da laifi sosai. In kuwa ka ji ƙugi ko kukan sauron nan, ka zare kebul ɗin daga kwamfuta ka jona shi da wayar hannu wadda ba a caji. Idan ƙarar ta ɗauke, ka gano inda take fitowa. Ka kuma duba bayan amfilifayar, domin idan tana da kafa mai rubutun OPTICAL ko COAXIAL ko USB, to tana da nata DAC, kuma wataƙila kebul ɗaya ne kawai ya rage maka.

Mataki na biyu: karanta bayan na'urori

Kafin a je kasuwa, a jawo kowace na'ura a haska bayanta da tocila, a rubuta a takarda abin da take fitarwa da abin da take karɓa. Yawancin kurakuran saye daga tsallake wannan aikin suke tasowa.

Kafar haske, wadda sunanta TOSLINK, kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983. Ƙarama ce mai kusurwa huɗu da ɗan murfi, kuma idan na'urar tana kunne ana ganin jan haske a cikinta. Da haske take aika lambobi, don haka babu ƙarfen da ya haɗa na'urorin biyu, kuma wannan falala ce babba da za mu dawo kanta. Kafar COAXIAL kuwa kamanninta ɗaya da kafofin ja da fari, sai dai guda ɗaya ce, kuma sau da yawa launin lemo gare ta. Su biyun yare ɗaya suke magana, wato S/PDIF, tsarin da Sony da Philips suka samar. Kafar haske galibi takan tsaya a bit 24 da 96 kHz, wato awon sauti sau 96,000 a daƙiƙa (bayaninsu yana mataki na uku), ko da yake wasu na'urorin sukan kai 192, ta COAXIAL kuma takan ɗauki 192 ba tare da wahala ba.

USB ita ce hanyar kwamfuta da waya. A yawancin DAC na yanzu, shi DAC ɗin ne ke riƙe da agogon aikin, yana gaya wa kwamfuta ta ƙaro bayanai ko ta rage, wanda hakan ya magance tsohuwar matsalar rawar lokaci da ake kuka da ita a na'urorin farko. Sai HDMI ARC, wato kafar HDMI mai fitar da sautin talabijin zuwa wata na'ura, wadda ta zo da tsarin HDMI 1.4 a 2009, kuma wasu DAC suna da ita. Amfaninta ga mai talabijin shi ne rimot ɗin talabijin zai iya ɗaga ƙara da ragewa, abin da kafar haske ba ta bayarwa a yawancin talabijin. Idan dikoda ko na'urar wasa ba ta da komai sai HDMI, ana barinta ta shiga talabijin, a ɗauko sautin kowa daga kafar haske ta talabijin ɗin.

Bluetooth yana da daɗin amfani, amma yana matse sauti kafin ya aika. Ko tsarin Bluetooth na Sony mai suna LDAC iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, ƙasa da na CD. Ya yi wa baƙon da ke son kunna waƙa daga wayarsa, sai dai kada ya zama babbar hanyar sauraren gidan idan tsabtar sauti aka sayi akwatin dominta.

Mataki na uku: zaɓen na'urar

Lambobin da ake bugawa a jikin kwali su ne suka fi rikita mai saye, don haka ya kamata a san ma'anarsu. Lokacin da Sony da Philips suka fitar da CD a 1982, sun tsara cewa a auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da bit 16. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa awo sau 44,100 yana iya kama girgizar sauti har zuwa rabin wannan adadi, wato 22,050 a daƙiƙa, alhali kunnen matashi mai lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa, kuma yana raguwa da shekaru. Kowane bit kuma yana ba da tazarar kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniyar ƙasa, don haka bit 16 yana ba da kusan desibel 96, wanda ya zarce abin da falo mai fanka da hayaniyar titi zai bari a ji. Idan ka ga an rubuta bit 32 da 768 kHz, babu laifi a ciki, amma kada wannan ya sa ka ƙara kuɗi. Duk DAC ɗin da ke karɓar bit 24 da 96 ko 192 kHz ya wadatar da kusan duk abin da za ka samu.

Haka zancen yake game da ƙwayar lantarkin da ke ciki, wadda ita ke juya lambobin. Za ka ji ana ambaton ESS Sabre, da AKM, da Cirrus Logic, da Burr-Brown, kowa yana yabon nasa. Ƙwaya ɗaya takan fito da sakamako daban a akwati biyu, domin tsabtar wutar da ake ba ta da kuma sassan da ke bayanta su ne ke yanke hukunci. Kamfanoni irin su Topping, SMSL, FiiO, iFi, Schiit da Cambridge Audio duk suna da na'urori masu saukin kuɗi waɗanda hayaniyarsu ta yi ƙasa da abin da kunne zai kama. Akwai kuma ƙananan akwatuna marasa suna masu arha ƙwarai, waɗanda ake sayarwa domin talabijin. Suna fitar da sauti, kuma sun isa labarai da wasan ƙwallo, amma da yawansu ba su da ƙarfin fitarwa, wasu kuma suna huci.

Abubuwan da suka fi cancantar a tsaya a kansu uku ne. Kafofin shiga su dace da takardar da ka rubuta, har da rarar guda ɗaya. Kafofin fita su dace da amfilifaya: RCA ja da fari ga yawancin gidaje, inda ƙarfin fitarwa kan kai kusan bolt 2, ko XLR mai haƙori uku wanda kan kai kusan bolt 4 kuma ya fi juriya ga hayaniya idan kebul yana da tsawo. Sai kuma batun ƙara. Wasu DAC ɗin ƙarfin fitarsu a kafe yake, wasu suna da maɓallin ragewa da ƙarawa. Mai amfilifayar da ke da nata maɓallin ƙara, kafaffen ya ishe shi. Wanda zai jona kai tsaye da lasifika masu amfilifaya a ciki, ko da amfilifayar da ba ta da maɓallin ƙara, dole ya nemi mai ragewa, kuma ya fi kyau ya zo da rimot.

A duba wutar da na'urar ke sha kafin a biya. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230 ne, ta Amurka kuwa 120. Yawancin ƙananan DAC bolt 5 suke sha ta USB, ko kuma suna zuwa da adafta mai rubutun 100 zuwa 240, wanda ke aiki ko'ina. Amma akwai masu taransifoma da aka yi wa wuta ɗaya kawai, kuma ana yawan cin karo da su a kayan gwanjo. Wanda aka yi wa 120 idan ya shiga soket ɗinmu kai tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya.

Mataki na huɗu: kebul

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kebul ɗin USB na firinta mai kyau ya isa, muddin bai wuce mita 5 ba, kuma gajere ya fi. Na haske kada a lanƙwasa shi da ƙarfi, kuma a cire 'yan murafan roba da ke bakinsa kafin a cusa, domin mutane da yawa sun yi ta kokawa da kafa ba su san murfin ne ya hana shiga ba. Na COAXIAL ana so ya zama mai ohm 75, kuma tsohon kebul ɗin bidiyo mai kai rawaya daidai wannan awon yake da shi, don haka idan yana cikin durowa an huta da saye. Na RCA ya zama gajere mai kauri wanda bakinsa ke kamawa tsam. Ban taɓa ganin dalilin sayen kebul da ya kai kuɗin DAC ɗin kansa ba.

Mataki na biyar: jonawa

A kashe komai, a mayar da maɓallin ƙarar amfilifaya ƙasa gaba ɗaya. A ajiye DAC kusa da amfilifaya yadda kebul ɗin RCA zai zama gajere, amma ba a kanta ba, saboda zafin da take fitarwa da kuma taransifomar cikinta mai iya jefa ƙugi. Idan akwai nisa tsakanin kwamfuta ko talabijin da amfilifaya, kebul ɗin dijital ne ya kamata ya ɗauki nisan, domin lambobi sun fi jure tafiya.

A fara da ɓangaren dijital, daga kafar fita ta talabijin ko kwamfuta zuwa kafar shiga ta DAC. Daga nan a ɗauki RCA daga kafar fita ta DAC, ja zuwa ja wanda shi ne dama, fari zuwa fari wanda shi ne hagu, a kai kafar amfilifaya mai rubutun CD, AUX, TUNER ko LINE IN. Duk waɗannan iri ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Wadda ba a taɓawa ita ce mai rubutun PHONO. An yi ta ne domin garmaho, wanda allurarsa ke fitar da wuta ƙanƙanuwa ta kusan milibolt 5, don haka kafar tana ninka abin da ya shigo sau da yawa, tana kuma ɗaga kaurin sauti ta danne siririnsa. Bolt 2 na DAC ya ninka wannan sau ɗari huɗu. Abin da zai fito gurɓatacciyar ƙara ce mai tsanani wadda za ta iya lahanta lasifika.

Masu amfilifayar silima, irin mai lasifika biyar ko bakwai, suna da wani tarko na daban. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori, idan sauti ya shigo ta RCA sukan sake mayar da shi lambobi domin su sarrafa shi, sannan su juya shi da nasu DAC na ciki. Idan haka ta faru an yi juyi uku maimakon ɗaya, kuma abin da kunne ke ji a ƙarshe na cikin amfilifayar ne, sabon akwatin ya zama ɗan rakiya. Maganinsa shi ne a danna Direct ko Pure Direct, wanda ke barin sautin ya wuce kai tsaye. Sai dai a sani cewa a wannan yanayin gyaran sautin ɗaki yakan tsaya, kuma a na'urori da yawa lasifikar bes ta ƙasa takan yi shiru. Wanda ba zai iya rabuwa da waɗannan ba, gara ya bar dijital ya shiga amfilifayar silimar kai tsaye ya haƙura da DAC na waje. Lasifika masu Bluetooth da ke da kafar AUX su ma da yawansu haka suke yi.

Wajen kunnawa ana farawa daga tushe ne: talabijin ko kwamfuta, sai DAC, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce ta farko. Dalili shi ne na'urori kan saki wani ɗan bugu idan wuta ta shige su ko ta fita, kuma idan amfilifaya tana kunne za ta ninka shi ta jefa wa lasifika. A zaɓi kafar da ta dace a jikin DAC, a zaɓi wadda ta dace a amfilifaya, a kunna waƙa, sannan a ɗaga ƙara sannu a hankali.

Mataki na shida: saiti

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, musamman da talabijin. A shiga saitin sauti, a nemi wurin fitar sautin dijital, a sauya shi daga Auto ko Bitstream ko Dolby Digital zuwa PCM, wato lambobin sauti zalla da ba a matse ba. DAC na sitiriyo PCM kawai yake ganewa. Idan aka turo masa Dolby, wato matsattsen sautin silima, ko dai ya yi shiru, ko ya saki wani huci mai ƙarfi kamar rediyon da ya rasa tasha. Abin da ke rikitarwa shi ne wata tashar za ta yi aiki lafiya, da an koma wata ko an buɗe fim a manhaja sai hucin ya tashi, domin ba kowa ke turo Dolby ba. Idan akwai dikoda ko na'urar wasa a bayan talabijin, ita ma a mayar da ita PCM ko Stereo. A kuma kashe lasifikar cikin talabijin, in ba haka ba za a riƙa jin murya biyu, ɗaya tana bin ɗaya. Idan baki ya riga murya ko murya ta riga baki, yawancin talabijin suna da wurin daidaita jinkirin sauti a cikin wannan saitin.

A kwamfuta mai Windows, tun daga sabuntawar Windows 10 ta 2017 tsarin yana gane DAC na zamani da kansa, ko da yake wasu kamfanoni suna da tasu manhajar direba wadda ta fi dacewa a saka. A zaɓi DAC ɗin a matsayin inda sauti ke fita, a shiga bayanansa a kashe duk wani ƙawata sauti, sannan a zaɓi bit 24 da 44.1 kHz idan waƙa aka fi saurare, ko 48 kHz idan bidiyo ne, domin kusan duk sautin bidiyo a 48 yake. Windows yakan haɗa sautin dukkan manhajoji ya mayar da su awon da aka zaɓa. Mai son fayil ya isa DAC yadda yake sai ya yi amfani da manhaja irin foobar2000 ta hanyar saitin fitar sauti mai suna WASAPI ko ASIO, inda manhajar ke riƙe na'urar ita kaɗai, kuma allon DAC zai riƙa nuna awon kowane fayil. A gaskiya bambancin da wuya a ji shi, amma yana da wata fa'ida ta gefe, wato ƙarar saƙo ba za ta faɗo a tsakiyar waƙa ba. A kwamfutar Mac ba a buƙatar direba, ana zaɓen awo ne a cikin Audio MIDI Setup.

Wayar Android tana buƙatar kebul ɗin OTG, mai ba ta damar haɗuwa da na'urar USB, kuma a wasu wayoyin sai an kunna OTG a saiti. iPhone daga ta 15, wadda ta fito a 2023, tana da USB-C, na kafin nan kuma sai da adaftar kyamara ta Apple. DAC ɗin da ba shi da tasa wutar zai sha daga batirin waya, wani ma wayar za ta ƙi shi ta ce yana neman wuta da yawa, don haka mai tasa adaftar ya fi dacewa da zaman falo. PlayStation 5 ba ta da kafar haske, kuma ta USB tsohon tsarin sauti mai suna UAC1 kawai take ganewa, shi ya sa wasu DAC ke da maɓallin sauyawa tsakanin UAC1 da UAC2.

Game da ƙara, a bar ta a wuri ɗaya ake juyawa. Idan amfilifaya tana da maɓalli, a cika ƙarar kwamfuta da ta DAC, a riƙa sarrafawa daga amfilifaya. Idan DAC ne ke riƙe da ƙarar saboda an jona shi kai tsaye, a tabbatar yana tuna inda aka bar shi bayan an ɗauke wuta, kuma kada a kuskura a mayar da shi yanayin kafaffiyar fitarwa, domin waƙa za ta faɗo wa lasifika da cikakken ƙarfi.

Mataki na bakwai: idan ƙugi ya bayyana

Na taɓa kwana biyu ina neman tushen wani ƙugi mai kauri da ya bayyana ranar da na haɗa nawa. Na canza kebul ɗin RCA, na canza soket, har na fara shirin mayar wa mai shago kayansa. A rana ta biyu na zauna a ƙasa bayan teburin, amfilifaya tana kunne a ƙaramar ƙara, ina zare kebul ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Da na warware kebul ɗin dish daga bayan dikoda, sai ɗakin ya yi tsit. Kebul ɗin dish ya haɗu da ƙasa ta wata hanya, kayan falo ta wata hanyar daban, kuma ɗan bambancin wutar da ke tsakanin hanyoyin biyu yana zagayawa ta HDMI zuwa talabijin, ta COAXIAL zuwa DAC, ta RCA zuwa amfilifaya. Ƙugin da ake ji girgizar wutar gida ce ta 50 Hz, wato sau 50 a daƙiƙa, da ninke-ninkenta. Na maye gurbin COAXIAL da kebul ɗin haske, zagayen ya yanke saboda babu sauran ƙarfe tsakanin talabijin da DAC, kuma ƙugin bai sake dawowa ba.

Wannan hanyar ta zare kebul ɗaya-ɗaya ita ce ake bi a kowane hali, a dai rage ƙara kafin a taɓa RCA. Sauran magunguna su ne a jona duk kayan sauti a kan layin soket ɗaya, a raba kebul ɗin sauti da na wuta kada su yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma idan ta USB hayaniyar ke shigowa a gwada cire cajar laftof a ji. In ta ɗauke, ana iya saka ɗan abin raba wutar USB a tsakani, ko a koma kafar haske idan akwai. Abin da ba a yi shi ne karya haƙorin ƙasa na fulogi domin a kashe ƙugi. Yakan yi aiki, amma haƙorin nan shi ke hana jikin amfilifaya ɗaukar wuta ranar da wani abu ya lalace a ciki.

Idan sauti yana yankewa ko yana ƙas-ƙas ta USB, a cire shi daga mahaɗar USB mai baki da yawa a jona kai tsaye, a gwada wata kafar, a kuma hana kwamfuta kashe USB domin tattalin batir. Idan ta haske ne, a duba ko kebul ya zauna har ya yi ƙaras, a kuma rage awo zuwa 96 ko 48. Gidan da ke yawan sauyawa tsakanin wutar layi da janareta ya kamata a kashe amfilifaya kafin a juya, a kuma sa kayan a bayan sitabilaiza ko abin kare hawan wuta. Inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsi takan sa taransifoma ruri, kuma wannan ba laifin DAC ba ne. Da damina kuma, idan hadari ya haɗu da tsawa, a zare kebul ɗin dish tare da fulogi.

Mataki na takwas: gwajin adalci

Da yawa sukan ce sabon DAC ya buɗe sauti tun daga minti na farko, kuma sau da yawa abin da ya faru shi ne ya fi tsohuwar hanyar ƙarfin fitarwa. Kafar lasifikar kunne ta waya ko laftof takan ba da bolt 1 ko ƙasa da haka, DAC yana ba da 2, wato ƙarin desibel 6. Kunnen ɗan'adam kuwa duk abin da ya ɗan fi ƙara sai ya ji kamar ya fi kauri da tsabta, ko da bambancin bai kai a gane cewa ƙara ce ta ƙaru ba. Wanda ke son sanin gaskiyar abin da ya saya sai ya daidaita ƙarfin hanyoyin biyu tukuna.

A jona tsohuwar hanyar a kafar AUX, sabuwar a kafar CD. A samo fayil ɗin sautin gwaji mai girgiza 400 Hz, a saita mitar masu gyaran lantarki a kan awon bolt na AC, a ɗora bakinta biyu a kan ja da baƙin mazaunin kebul ɗin lasifika ɗaya a bayan amfilifaya, a kiyaye kada bakunan su haɗu da juna. A fara da hanyar da ta fi rauni, a ɗaga ƙarar amfilifaya har mita ta nuna bolt 1.00, daga nan kada a sake taɓa maɓallin. A koma ɗaya hanyar, a rage ta daga DAC ko daga kwamfuta har ita ma ta nuna tsakanin 0.99 da 1.01, wanda ke nufin bambancin bai kai desibel 0.1 ba. Sai a zaɓi waƙa uku da aka sani sarai, a fayil ɗin FLAC ko WAV, waɗanda ba a zubar musu da bayanai ba, ko faifan CD, a samu wani ya tsaya bayan mai saurare yana sauya kafa ba tare da ya faɗi wacce ya zaɓa ba, sau goma, yana rubutawa a takarda, mai saurare shi ma yana rubuta abin da yake zato. Daidai biyar ko shida cikin goma, canki-canka ma zai iya ba da su. Tara ko goma alama ce cewa bambancin na gaske ne. Yana da kyau a yi wannan gwajin tun kafin wa'adin da mai shago ya bayar na mayar da kaya ya cika, kuma a ajiye kwalin da rasit har sai an gama.